Robar da ke Ɗauke da Jif: Sauya Bushin a Garejojin Garwa

A cikin dukan sassan da ke ƙarƙashin motar jif, wato babbar motar nan mai tsawon ƙafa da aka ƙera domin hanyar da ba ta da kwalta, da wuya a sami wanda ya kai bushin ƙanƙanta da arha, kuma da wuya a sami wanda ya kai shi shan wahala a hanyoyin arewacin Kamaru. Bushin wani zoben roba ne mai kauri, wanda galibi bai wuce dunƙulen hannu ba, ana cusa shi a duk mahaɗar da ƙarfen ƙafar mota ya haɗu da gangar jikinta, domin kada ƙarfe ya gogi ƙarfe, kuma domin jijjigar hanya ta mutu a cikinsa kafin ta kai ga mutanen da ke zaune a ciki. Makanikan Kano da Yola suna kiransa bushin, takwarorinsu na Garwa da Marwa kuwa, waɗanda suka koyi sana'ar da kalmomin Faransanci, suna ce masa silanbulok, kalmar da asalinta sunan kasuwanci ne kafin ta zama sunan kowace roba irin wannan. A garejin da ake cakuɗa Fulatanci da Hausa da Faransanci, kamar yadda aka saba a Garwa, ana iya jin sunayen biyu a baki ɗaya, wani lokaci ma a ce roba kawai, kowa ya gane abin da ake nufi.

Abin da makanikai ke kira ƙafar mota shi ne duk kayan da ke tsakanin taya da shasi, wato gadon ƙarfen da jikin mota ke zaune a kai, kama daga sifirin da ke ɗaukar nauyi, da shokazoba da ke hana mota ci gaba da rawa bayan ta faɗa rami, har zuwa hannuwan ƙarfe da ke riƙe taya a gurbinta da sandar da ke hana mota kwantawa gefe guda a kwana. Ana son kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya motsa sama da ƙasa ba tare da tangarɗa ba, ana kuma son kada ya motsa gaba da baya ko gefe, kuma bushin aka ɗora wa sasanta waɗannan buƙatu biyu masu karo da juna. Irin wanda ake sa wa hannun ƙafa yana da hawa uku: ƙaramin bututun ƙarfe a tsakiya wanda bol ke ratsawa a ɗaure shi da noti, da babban bututu a waje wanda ake matsawa cikin idon hannun, da roba a tsakaninsu wadda aka dafa ta manne da ƙarafan biyu tun a masana'anta. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, har da wasu da suka daɗe a sana'ar, shi ne cewa bututun ciki ba ya juyawa a kan bol, domin da zarar an ɗaure noti ya kama shi kam, kuma duk motsin da hannun ke yi robar ce ke murɗewa ta dawo. A kan wannan batu guda kusan dukan ƙa'idojin aikin suka ginu.

Ita robar kanta ba ɗanyen ƙaron itace ba ce. Tun da Ba'amurke Charles Goodyear ya gano a 1839 cewa dafa roba da farar wuta yana hana ta narkewa a zafi da sandarewa a sanyi, ya kuma yi rajistar dabarar a 1844, masana'antu suke haɗa ta da farar wuta da wani baƙin gari mai kama da kunkunniya wanda ke ƙara mata ƙarfi, da wasu magunguna da ke jinkirta tsufanta. Duk da haka tana da abokan gaba da ba ta iya tsere musu: zafi yana busar da ita ta yi tauri, iskar ozon tana tsattsaga fatarta, baƙin mai da man sitiyari da ke ɗiga daga inji suna kumbura ta ta yi laushi kamar ƙullu. Kamaru ƙasa ce mai noman roba, domin akwai manyan gonakin HEVECAM a Niyete kusa da Kiribi da na CDC a kudu maso yamma, amma mafi yawan abin da ake tatsa a can ɗanye yake fita, bushin kuma ya dawo a kwali daga Japan ko Sin ko Tailan ko Dubai da farashin da ya ninka.

Ba kowace jif ce ke da ƙafa iri ɗaya ba, kuma bambancin yana da muhimmanci ga mai gyara. Toyota Land Cruiser samfurin 70, wanda aka fara ƙerawa a 1984 kuma har yanzu shi ne dokin ƙungiyoyin agaji da asibitocin karkara da masu gadin gandun daji, yana da aksil guda mai haɗe tayoyin gaba biyu, abin da Faransanci ke kira gada, kuma tun daga 1999 manyan nau'o'insa suna da naɗaɗɗen sifirin a gaba da sifirin mai falle-falle a baya. Samfurin 80 na 1990 naɗaɗɗen sifirin ne gaba da baya, da dogayen hannuwa da ke riƙe aksil, da wata sanda a gicciye mai suna Panhard, sunan wani tsohon kamfanin motoci na Faransa, wadda ke hana aksil zamewa dama da hagu. Prado kuwa, tun daga samfurin 1996, da RAV4 da Pajero da sababbin Hilux, kowace tayar gaba cin gashin kanta take yi a kan hannu mai kusurwa uku, wanda makanikan Najeriya ke kira lowa am, na Kamaru kuma tiriyangil. Idan aka ƙirga na hannuwa da na shokazoba da na sifirin da na sandar kwana, jif guda tana iya ɗauke da roba fiye da 20, kuma ba a rana ɗaya suke mutuwa ba.

Zafi da hanya

Garwa, hedikwatar Yankin Arewa kuma mahaifar shugaban Kamaru na farko Ahmadu Ahijo, tana zaune ne a cikin kwarin Binuwai, ƙasa da tudun Adamawa ƙwarai, domin yayin da Ngaundere ke sama da mita 1,000 daga matakin teku, Garwa ba ta wuce kimanin mita 200 ba. Wannan ne ya sa ta zama ɗaya daga cikin garuruwa mafiya zafi a ƙasar, inda a watannin Maris da Afrilu awon zafi ke haura digiri 40 a inuwa, na kwalta da na ƙarƙashin mota kusa da salansa kuwa ya fi haka nesa. Masana sinadarai suna da wani kiyasi da suke amfani da shi, cewa duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin tsufan abubuwa irin su roba, saboda haka bushin da zai yi shekara goma a ƙasar sanyi ba a sa ran ya kai haka a nan ko da motar a ajiye take. Ga shi kuma yawancin jif ɗin da ke hannun 'yan kasuwa da ma'aikata tsofaffi ne da aka shigo da su daga Turai ta tashar Duwala, musamman tun bayan da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994 sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin mutane. Irin waɗannan motoci suna isowa da robar da ta riga ta ci rabin rayuwarta, da bol ɗin da gishirin da ake zuba wa hanyoyin ƙanƙara ya cinye da tsatsa.

Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ita ce jijiyar yankin. Jirgin ƙasa ya tsaya ne a Ngaundere tun da aka kammala shimfiɗa layin a 1974, don haka duk kayan da za su wuce zuwa Garwa da Marwa da Kusiri, da wani kaso na kayan Injamena, a bayan manyan motoci suke tafiya, su gangaro daga tsaunin da ke arewa da Ngaundere zuwa Mbe, su cika kimanin kilomita 280 daga Ngaundere zuwa gadar Binuwai, sannan su ci gaba ta Figil inda ake yin siminti. Nauyin tirela da ruwan damina sun daɗe suna cin wannan kwalta, kuma an sha gyara sassanta suna sake fashewa. Ramin kwalta ya fi ramin ƙasa illa ga ƙafar mota, domin bakinsa yana da kaifi kuma direba yana faɗa masa ne da gudun da ba zai yi a hanyar daji ba; bugun yana tura taya baya da ƙarfi, kuma bushin na bayan hannun ƙafa ne ke karɓar mafi yawansa. A cikin gari an sami sauƙi da titunan da aka gyara gabanin gasar cin kofin Afirka, wadda filin Rumde Ajiya ya karɓi wasanninta a Janairun 2022, sai dai jif ba domin cikin gari aka saye ta ba.

Da zarar an sauka daga kwalta aka nufi Poli ko Rai Buba ko Collire ko gandun dajin Faro da Buba Njida, sai a shiga hanyar burji, wato jar ƙasa mai tsakuwa, wadda da rani take yin wasu ƙananan kunyoyi a gicciye, jere da juna kamar ƙoƙon kwanon rufi. Tayoyin motoci ne da kansu ke yin wannan gargada, domin duk tayar da ta yi tsalle tana tono kaɗan inda ta sauka ta tara ƙasa a gaba, mai bin baya kuma ya ƙara. Direbobi sun san cewa idan aka ƙara wuta mota tana shawagi a kan kunyoyin jijjiga ta ragu a cikin gida, amma a ƙasa taya tana hawa da sauka sau da dama a cikin daƙiƙa guda, roba tana murɗewa tana warwarewa har ta ɗauki zafi daga cikinta, shokazoba ya yi zafin da ba a iya taɓa shi. Idan damina ta sauka, daga Mayu zuwa Oktoba, sai wahalar ta sake kama: ana tsallaka mayo, wato rafin da ke bushewa da rani ya cika da damina, ruwa da yashi su shiga duk tsagar da zafi ya buɗe, baƙar lakar fadama da ake kira karal ta manne a ƙarƙashin mota ta bushe kamar siminti. Yashin da ya shiga tsakanin roba da ƙarfe yana aiki ne kamar magagari, a hankali, ba dare ba rana.

Alamar farko da direba ke ji ita ce ƙara, wani ƙwas ko gum daga ƙasa idan an hau tudun rage gudu ko an taka birki farat ɗaya, kuma abin da yakan faɗa wa makanike bai wuce cewa ƙafa tana kuka ba. Bayan ƙara sai mota ta fara yawo, wato ta riƙa karkata dama da hagu a miƙaƙƙiyar hanya har direba ya gaji da gyara sitiyari, ko ta ja gefe guda idan an taka birki, domin hannun da robarsa ta mutu yana barin taya ta sauya fuska duk lokacin da nauyi ya sauya. Sai kuma cin taya, inda gefen ciki ko na waje ke sulɓewa alhali tsakiya na nan da zanenta. A motoci masu aksil guda akwai wata alama mai ban tsoro, inda bayan an taka ɗan rami da gudu sitiyari ke kama karkarwa mai tsanani wadda ba ta tsayawa sai an rage gudu sosai, kuma sau da yawa robar sandar Panhard ce ke jawo ta. Jif mota ce mai tudu, nauyinta yana sama, ga kayan da ake ɗaure mata a rufi; idan ƙafarta ta yi sako-sako a lokacin da direba ya kauce wa babur ko saniya, abin da zai biyo baya ya wuce maganar ƙara.

Duk waɗannan alamu ba bushin kaɗai ke kawo su ba, kuma a nan ne ake fara asarar kuɗi. Boljoyin, wato mahaɗa mai dunƙulen kai da makanikan Garwa ke kira rotil, da kan sandar sitiyari, da boris ɗin taya, da shokazoba da ya zubar da mai, kowannensu yana iya yin irin wannan kuka. Makaniken kirki ba ya yanke hukunci da kunne. Yakan sa yaro ya girgiza sitiyari yana kallon kowace mahaɗa daga ƙasa, sannan ya ɗaga motar, ya zura sandar ƙarfe tsakanin hannu da shasi ya ɗan banƙara. Lafiyayyar roba tana bayarwa kaɗan ta dawo, matacciya kuwa tana barin hannun ya yi tafiya har a ji ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Yakan haska fitila ya duba ko tsagar ta sama-sama ce, wadda kowace tsohuwar roba ke da ita, ko ta ratsa ciki, ko robar ta rabu da bututunta, ko bututun ciki ya koma gefe maimakon tsakiya. Jan garin tsatsa a bakin mahaɗa shaida ce cewa ƙarfe ya daɗe yana gogar ɗan'uwansa. Haka kuma yakan ɗaga kai ya ga ko mai na ɗiga a kan robar, domin sa sabuwa a ƙarƙashin yoyon da ba a toshe ba zubar da kuɗi ne.

Kasuwar kayan gyara

Mai mota a Garwa yana tsakanin kasuwanni biyu. Ta kudu kaya na zuwa daga Duwala da Yawunde, ta yamma kuma daga Najeriya ta Yola da Mubi, inda 'yan kasuwa ke kawo kayan Legas da Nnewi da kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ta hanyoyin da man fetur ɗin nan da ake kira zuwa-zuwa ya daɗe yana bi. Saboda haka farashin roba a shago yana hawa da sauka da canjin naira da sefa, kuma rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya nuna yadda kasuwannin kan iyaka suka dogara da juna. Abin da ke kan kanta hawa-hawa ne: akwai gangariyar kamfanin da ya ƙera motar, mai tsada, akwai na wasu sanannun masana'antu masu matsakaicin farashi, akwai jabu da aka sa a kwali mai kama da na gangariya har da lambar kaya, wanda robarsa kan fashe cikin watanni kaɗan. Akwai kuma hannun ƙafa sukutum da aka kwance daga motar da aka yanka a Turai, wanda mutane da yawa suka fi amincewa da shi bisa hujjar cewa tsohon gangariya ya fi sabon jabu. Hujjar tana da ƙarfi idan ana maganar ƙarfe, amma tana da rauni idan ana maganar roba, domin roba tana tsufa da shekaru ko ba a taka ta ba.

Wasu masu jif, musamman masu kai baƙi farauta da yawon buɗe ido a dazukan Binuwai da Faro, suna sa bushin na foliyuritan, wani nau'in roba ta masana'anta mai launin ja ko rawaya, wadda mai ba ya cin ta kuma ta fi tauri. Ita wannan juyawa take yi a kan bututunta maimakon murɗewa, don haka tana buƙatar giris na musamman, giris kuma yana kama ƙura, kuma taurinta yana miƙa jijjigar gargada kai tsaye ga shasi da wuraren walda. A ƙasar da hunturu ke cika iska da ƙura wata uku, amfaninta bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

A ɗaya ƙarshen kasuwar akwai masu sassaƙa roba daga tsohuwar tayar tirela, sana'ar da ta cancanci a dube ta da idon basira. Mai sana'ar yana zaune a gindin dalbejiya da wuƙa mai kaifi da gwangwanin ruwa, a kawo masa matacciyar roba ya juya ta a hannu ya auna da ido, ya yanko tsoka daga kaurin tayar inda babu waya, ya riƙa tsoma wuƙar a ruwa domin ta zame, yana fere gefe-gefe har abin ya zama zobe, sannan ya huda tsakiya da ƙarfen da ya ƙona a wuta. Aikin da ba ya wuce rabin sa'a yakan ceci motar da ta tsaya a Tuboro ko Poli, inda jiran kaya daga Garwa zai ci kwana biyu. Ga robar sandar kwana da ta kan shokazoba, waɗanda matse su kawai ake yi, wannan dabara tana aiki daidai gwargwado. Ga hannun ƙafa kuwa ba ta isa ba, domin babu yadda za a manna sassaƙaƙƙiyar roba da ƙarfe kamar yadda masana'anta ke yi, don haka tana zamewa ta sake ba taya damar yawo. Ta kai mota gida ce, kuma illar tana zuwa ne idan aka mance da ita a ciki.

Aikin kansa

Sauya bushin na hannun ƙafa yana farawa ne da tsaro, kuma wannan ne ɓangaren da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Jif tana kai tan biyu ko fiye, jak kuma domin ɗagawa aka yi shi, saboda haka wajibi ne a tokare shasi da ƙafafun ƙarfe ko kututture mai ƙwari a kan ƙasa mai tauri, a datse tayoyin da ke ƙasa, kafin yaro ya shiga ƙarƙashi. Tubalin siminti yana fashewa ba gargaɗi, yashi kuma yana zamewa. Naɗaɗɗen sifirin da ke matse yana ɗauke da ƙarfin da zai iya karya hannu ko muƙamuƙi idan ya kufce, don haka ana sassauta shi a hankali da jak a ƙarƙashin hannun ko da maƙalar da aka yi domin haka. Kafin a kwance bol ɗin da ke saita taya, wanda ke da faifai mai karkataccen rami, ana yi masa alama da fenti domin a mayar da shi kusa da inda yake. Shi wannan bol shi ne yakan cinye yinin makanike, domin ruwan mayo da tsatsa suna haɗe shi da bututun ciki su zama abu guda, a zuba mai a buga da guduma ya ƙi, har sai an yanka shi da zarto an nemo wani.

Idan hannun ya fito, hanyar da ta dace ita ce a kai shi injin matsa mai aiki da mai, a tokare idon da zoben ƙarfe, a tura tsohon bushin ya fita a miƙe. Garejin da ba shi da injin yakan koma ga wuta. Ana ɗora hannun a kan duwatsu, a kunna wutar walda ko a zuba fetur a kan robar, baƙin hayaƙi mai kauri ya tashi, robar ta riƙa tafasa tana ɗiga har bututun ciki ya faɗo ƙasa da kansa. Sai a zura zarton ƙarfe cikin ramin a tsaga bututun waje a tsaye, a hankali domin kada haƙoran su ci idon, a naɗe shi ciki da guduma ya fita. Dabarar tana fitar da roba, amma tana da farashi: hayaƙin guba ne ga yaran da ke tsaye a kai, wutar da ta yi yawa tana sauya ƙarfin ƙarfen hannun, kuma idan boljoyin na jikinsa ta ƙone masa giris da rigar roba. Hannun alminiyom kuwa ko kusa bai kamata wuta ta taɓa shi ba. Wanda ba shi da inji zai iya huda robar da na'urar huji ya fitar da ita ba hayaƙi, ko ya haɗa matsi da dogon bol da manyan washa da guntun bututu, abin da kowane mai walda zai iya ƙera masa.

Kafin a sa sabo ana goge idon da takardar yashi har tsatsa ta fita, a duba ko ya tsage ko ya buɗe, domin idon da ya yi faɗi ba zai riƙe bushin ba, kuma a irin wannan hali hannun gaba ɗaya ake sauyawa. Wasu robobin suna da ramuka ko kibiya a jikinsu, waɗanda aka yi domin su yi laushi ta wata fuska su yi tauri ta wata, kuma dole ne su fuskanci inda tsohon ya fuskanta, abin da ya sa ake yin alama tun kafin a cire. Ana matsa bututun waje ne kaɗai, domin matsa na ciki yana yaga robar tun ba ta ga hanya ba, guduma kuma tana lanƙwasa baki ta shigar da shi a karkace. Robar da ba ta da bututun waje da ruwan sabulu ake zura ta, ba da giris ko baƙin mai ba, tun da su ne ke cin ta. Kuma ana sauya dama da hagu tare, domin sabuwa a gefe guda da matacciya a ɗaya gefen suna sa mota ta ja.

Sai matakin ɗaure noti, wanda ba ya cin ko sisi kuma shi ne aka fi tsallakewa. Idan mota tana sama tayoyinta na reto, hannun ƙafa yana sunkuye ƙasa. Idan aka ɗaure noti tam a wannan hali sannan aka sauke ta, hannun zai tashi zuwa mazauninsa, bututun ciki kuwa yana nan a kame, don haka robar za ta zauna a murɗe dare da rana ko motar na tsaye, kuma duk ramin da aka faɗa zai ƙara murɗa ta fiye da iyakarta. Gangariyar roba da aka ɗaure haka tana iya yagewa kafin damina ta zagayo, mai mota ya zargi mai shago da sayar masa da jabu, mai shago ya zargi hanya. Ƙa'idar ita ce a ɗaura noti sama-sama, a sauke mota a kan tayoyinta, a girgiza ta ko a tura ta gaba da baya ta zauna, sannan a shiga rami ko a hau da ita kan katako a ɗaure da sifana mai awo gwargwadon ƙarfin da kamfani ya rubuta. Motar da kullum cikin kaya take, kamar ta asibiti ko ta masu zagayen gonakin auduga, ya fi kyau a ɗaure ta da kwatankwacin nauyin da ta saba ɗauka.

Bayan haka sai saitin taya, wanda ake kira alaimen a Najeriya da faralelizim a Kamaru, wato daidaita fuskar tayoyin gaba da jinginarsu, tun da sabuwar roba ta mayar da hannun wani wuri dabam da inda matacciyar ta bar shi. Mai mota yakan ga kamar ƙarin kashe kuɗi ne bayan ya biya kaya da aiki, alhali tayar jif guda ta fi kuɗin saitin sau da yawa, kuma mummunan saiti yana iya cinye biyu cikin 'yan watanni.

Yawancin makanikan Garwa a gareji suka tashi, yaro ya shekara yana wanke kaya da miƙa sifana kafin maigidansa ya bar shi ya taɓa noti, kuma abin da ya gani shi zai yi har ya buɗe nasa. Wannan tarbiyya tana haifar da hannu mai basira da kunne mai jin ciwon inji, amma tana gadar da kuskure kamar yadda take gadar da gwaninta, kuma wanda bai taɓa jin dalilin ɗaure noti a ƙasa ba ba shi da laifi idan bai yi ba. Binciken lafiyar mota da dokar Kamaru ta wajabta yana duba birki da fitilu da ƙafa, sai dai tsakanin bincike da bincike akwai damina guda da dubban ramuka. Direbobin da suka ƙware sukan kai mota a duba mata ƙafa a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, lokacin da mayo suka janye, hanyoyin Mayo Rai da Faro suka buɗe, kakar auduga ta kamfanin SODECOTON ta kusa, su sa a wanke lakar ƙarƙashi da ruwa mai ƙarfi kafin makanike ya shiga da fitilarsa, sannan bayan tafiyar farko mai nisa su dawo a sake bin kowane noti da sifana.